Gudumar Tururi da Ƙwan Zabo

Ritaya kowa da yadda take kama shi. Wani kiwon kaji, wani noman rani, wani kuma ya zama lauyan majalisar unguwa, kowace shari'a da bakinsa a ciki. Ni guduma ce ta kama ni. Na daɗe ina koyar da aikin ƙarfe a makarantar fasaha, duk shekara sai na zana gudumar tururi a allo, na yi wa yara bayaninta tiryan-tiryan, alhali ko a mafarki ban taɓa ganinta ba. Da kuɗin sallama suka shigo, sai ga wani tsohon injin sassaƙa ƙarfe a gwanjo. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na kwashe buhunan masara daga sito, na kafa injin, na sanar da Hajiya cewa daga yau wannan ɗaki masana'anta ce.

Ta ce, "To Malam, masarar fa?"

Na ce manyan ayyuka ba sa jiran masara.

Gudumar da nake nufi ba masaɓar maƙeri ba ce. A 1839 aka nemi wanda zai ƙera wata ƙatuwar sandar ƙarfe ta jirgin ruwan da ake kira Great Britain, aka rasa gudumar da za ta iya. James Nasmyth, ɗan Sikotilan mai masana'anta a Patricroft kusa da Manchesta, ya zauna ya zana mafita: a kife silinda a sama, a sa fistin a ciki, a ɗaura kan guduma a sandar fistin. Tururi ya shiga ta ƙasa ya ɗaga, a juya bawul, guduma ta faɗo kan uwar maƙera. Sai masu jirgin suka sauya shawara suka koma farfela, aka daina buƙatar sandar, zane ya kwanta a littafi. A 1842 ya kai ziyara Le Creusot a Faransa, ya tarar da irin gudumar tana aiki, François Bourdon ya gina ta. Nasmyth ya koma gida ya yi wa tasa rajista a shekarar, kuma har gobe ana gardamar wa ya riga wani. Zuwa 1877 mutanen Le Creusot sun gina mai tan 100, wadda yanzu take tsaye a mashigar garin don masu kallo.

Amma ni ba girman ne ya tafi da hankalina ba, ƙwai ne. Nasmyth yakan ɗora ƙwai a bakin siririn kofin gilashi, ya sauko da gudumar nan a hankali ta tsaga ɓawon kawai, kofi ko ƙwarzane babu, sannan ya sake ta da ƙarfi ƙasa ta girgiza. Na sha ba ɗalibai wannan labari. Na ƙudura sai na yi shi a gaban jama'a, da tawa gudumar mai tsawon kamu ɗaya.

Ginshiƙin gudumar na fara sassaƙawa da katako, na kai Panteka wurin masu zubin tukwane. Mai zubin ya juya katakon sama da ƙasa, ya ce, "Baba, wannan ina murfinsa?" Na yi masa bayanin Nasmyth tun daga 1839. Ya saurara da ladabi har na gama, sannan ya ƙara kuɗi.

Silindar kuwa daga wani guntun ƙarfen zubi na tsohon injin niƙa na fitar da ita. Wanda bai taɓa sassaƙa ƙarfen zubi ba ya sani: yana da fata mai tauri, gauraye da yashin da aka zuba shi a ciki, kuma idan wuƙar inji ba ta nutse ƙarƙashin fatar nan a yankan farko ba, nan take za ta dakushe. Kuma ba ya fitar da ɓawo mai naɗi irin na sauran ƙarafa, baƙin gari yake yi. Garin nan ba ya zama inda aka haife shi. Ya shiga gemuna, ya shiga tuwo, ya hau shanyar Hajiya. Da na fito salla, wani yaro ya gaishe ni ya tambayi nawa buhun gawayi.

Ana tsakiyar huda silinda aka ɗauke wuta. Aikin huda ba ya son tsayawa. Inda wuƙa ta tsaya, nan za ta bar zobe a ciki. Na tayar da janareto, ya ja injin, ya yi tari, ya mutu, aka sami zobe na biyu. Sai ga matsalar awo. Zanen da nake bi na wata tsohuwar mujallar Ingila ne, komai da inci, ma'aunina kuma milimita yake karantawa, inci ɗaya 25.4. Sukurorin ma irin nasu ne da ake kira BA, waɗanda duk ɗan Pantekan da na tambaya sai ya ce mini sun ƙare jiya. Na koma ga na milimita. Ina yanka tiredi a rami na ƙarshe na murfin silinda, ɗan ƙarfen yankan ya ce ƙas, ya karye a ciki. Shi kuwa ya fi abin huda tauri, ba ya haƙuwa. Yana nan har yau. Na ɗora kan sukuru a sama da gam, ba wanda ya taɓa lura sai jikana, shi ma don ba shi da aikin yi ne.

Maƙwabcina maƙeri ne, gadon gidansu. Kullum da yamma yakan leƙo, ya jingina da ƙofa, ya ce, "Malam, har yanzu ba ta fara bugu ba?" Rannan ya ɗauki kan gudumar ya auna a tafin hannu, ya ce awartakinsa ya fi shi nauyi. Ban kula shi ba. Mutumin da bai san 25.4 ba.

Sai dai maganarsa ta taɓo wani abu da littafin makaranta bai faɗa ba. Idan ka rage tsawon abu sau 12, nauyinsa ba sau 12 yake raguwa ba, sau 1,728 ne, domin tsawo da faɗi da kauri duk sun ragu tare. Gogayyar fistin da silinda kuwa ba ta san wannan lissafi ba. Na matse fistin don kada tururi ya zurare, guduma ta hau sama ta ƙi saukowa. Na ɗan rage masa jiki, ta fara saukowa kamar amarya za ta shiga ɗakin miji, sai an lallaɓa. Na ƙara ragewa, tururi ya sami hanya ya wuce abinsa. Tsakanin "ya matse" da "ya yi sako-sako" bai kai kaurin gashin kai ba. Dole na sake huda hanya ta biyu, yadda tururi zai danna ta ƙasa bayan ya ɗaga ta, dabarar da manyan ma suka koma gare ta daga baya.

Gwajin tururi na yi shi a asirce da tukunyar Hajiya mai dafa wake da sauri, ran da ta tafi suna. Ƙaramar silinda mai sanyi ba ta riƙe tururi, mayar da shi ruwa take yi. Gudumar ta yi gyatsa, ta tofa mini ruwan zafi a tsintsiyar hannu. Na yanke shawarar cewa iska ta fi tururi tarbiyya, kuma ai Turawan ma da iska suke gwada ƙananan injunansu.

Ranar Asabar bayan la'asar muka ɗauki tebur zuwa bakin titi wurin mai faci. Na gayyaci mai unguwa, ya zo cikin farar babbar riga mai aska takwas, zai wuce ɗaurin aure. Maƙeri ya zo, yaran unguwa suka zo ba gayyata. Jikana ya kawo kofin shayi mai bakin zinare, daga cikin shidan da Hajiya ta sayo a Makka. Na ce masa aro ne, ba sai an dame ta ba. Damina ce, ƙwan da ke gidan na zabo ne, shi muka ɗora.

Na ce wa mai faci, "Ɗan nan, kaɗan-kaɗan."

Guduma ta tashi. Wallahi ta tashi, har yara suka yi tafi. Na sauko da ita a hankali, ta taɓa ƙwan, ƙwas. Ƙwai bai ji komai ba. Duk wanda ya yi wasan fasa ƙwai yana yaro ya san ɓawon na zabo ba sa'an na kaza ba ne. Na sake, ƙwas. Na sake. Jikana ya ce, "Tsoho, ko in kawo cokali?" Maƙeri ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Na ce, "Ƙara iska."

Tayar ƙaramar mota awon iskarta bai wuce talatin da 'yan kai ba, ta tirela ta haura ɗari, kuma yaron nan bai daɗe da gama cika tankinsa don wata tirela ba. Shi a wurinsa "ƙara" ma'ana ɗaya gare ta. Ya buɗe gaba ɗaya.

Gudumar ta ratsa ƙwai, ta ratsa kofi, ta isa uwar maƙera da ƙarar da ta tashi awakin layin. Gwaiduwa ta zaɓi aska takwas. Na cafki hannun bawul in tsayar, amma duk motsin da na yi sai ta ƙara bugu, tana tsalle tana tafiya a kan tebur. Nan tiyo ya fizge ya shiga bulala a iska. Yara suka watse, mai unguwa ya tattare riga ya nuna mana cewa da ƙuruciya ya yi gudu, mai faci ya faɗa bayan taya. Maƙeri kaɗai ya tsaya, ya tako ya rufe iskar, ya duba tsakin gilashin, ya ce, "Malam, tana bugu."

Ni dai abin da nake so a rubuta shi ne, a hukumance gwajin ya yi nasara: an ce a fasa ƙwai, kuma ya fasu. Wanki da gugar riga na biya. Maƙeri ya karɓi gudumar aro, yana miƙe ƙananan ƙusoshi da ita idan yana son ba baƙi dariya. Hajiya ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Kullum da safe sai ta jera kofuna biyar a faranti, ta ba ni shayina a gwangwanin madara.

Don Allah mai karatu, idan kana da niyyar Umara bana, ka duba mini kofin shayi mai bakin zinare, ƙarami, mai ɗan ƙugu a tsakiya. Guda ɗaya nake nema, amma in sun ce sai shida, ka sayo, zan biya.