Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Waƙar Ban Tausayi

Hajiya,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ko da yake tunda nake ban taɓa jin ki lafiya lau ba. Kullum ido da ƙwalla, murya na rawa. Ni maƙwabcinki ne a Ikara. Shagon mai cajin waya yana jikin katangar gidanmu, kuma daga hantsi har bayan isha'i lasifikarsa ba ta da aiki sai ke.

Na san asalinki sarai. Kakarki 'yar Indiya ce. Iyayenmu sun sha ba mu labarin yadda suke zuwa silima a Zariya su kalli irin su Mother India na 1957, su yi ta sharar hawaye alhali ko kalma ɗaya ba sa ji. Muryar Lata Mangeshkar kaɗai ta ishe su. Uwarki kuma a Kano aka haife ta, aka goya ta a kan fiyano, zamanin kaset ɗin Sangaya da Wasila. Ke kuwa ba kaset ba faifai, daga waya sai waya, kamar mura a lokacin hunturu.

Ban ce ba ki da rana ba. Da Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairun 2007, na ga ƙarti sun yi jugum a gidan kallo, waƙoƙin finafinansa duk sun koma ta'aziyya. Ko yanzu in Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ya ja murya, nakan ce wa uwargida hayaƙin murhunta ne ya shige mini ido.

Ƙorafina ɗaya ne: kukanki bai da sauyi. An raba masoya, an yi auren dole, Alhaji ya zo da mota ya yi wuf da yarinya. Shi ke nan masifar duniya? Ƙanena, wanda ko tunkiya bai ajiye ba, balle budurwar da za ta yaudare shi, na bar masa ban ruwa, na dawo na tarar da shi zaune a kan kunya, waya a kunne, ya yi tagumi. Ruwa ya malale har gonar maƙwabci, inji ya shanye fetur tas. Na ce wa ta guje ka? Sai ya ce, "Yaya, ba za ka gane ba."

Hajiya, in abin kuka kike nema, ga shi nan birjik a ƙofar gida. A 2016 tsutsar da manoma ke kira Sharon ta lashe gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci, ban ji kin ce uffan ba. Shekarar da tsutsa ta ƙyale mu kuma, kwando ya faɗi warwas, mu yanka mu shanya a bakin titi, ƙura da awaki su raba gado. Ki shiga kasuwar Makarfi ranar Laraba, ki dubi fuskar mai rake bayan dillali ya cire la'adarsa. Ki leƙa Kudan da Hunƙuyi, ki tambayi masu dafa mazarƙwaila yadda ake wuni gaban wuta don a ba wasu zaƙi. Wanda ya ɗauki buhun taki bashi ya fi kowane jarumin fim sanin rashin barci.

Kada ki ce mini tumatir ba ya shiga waƙa. Marigayi Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa, kuma ta zauna daram.

Don Allah ki ɗauko fiyanonki ki zo mana lokacin ɗibar tumatirin rani. Masauki na wuyana, rake kyauta, ƙanena zai riƙe miki jaka. Kafin nan, ki taya ni roƙon mai caji ya riƙa rage sauti bayan isha'i.

Naki, wani manomin rani daga Ikara.