Kakanmu na Gidan Makama

A gidanmu na Tsibiri akwai zancen da ba a ja da shi: wai kakanmu, da ya je cin rani Kano, ya taɓa riƙe linzamin dokin Sarki Abdullahi Bayero, har Bature ya ɗauke su hoto, hoton kuma yana rataye a Gidan Makama. Babu wanda ya taɓa ganinsa. Da Kawu ya sayar da albasarsa ta bana, sai ya ce in raka shi, tunda ni ne ɗan boko, in karanta masa sunan ubansa a bango.

Muka hau mota a Talata Mafara, muka bi ta Gusau da Funtuwa. Kafin mu wuce dutsen Kwatarkwashi, duk fasinjoji sun san mu jinin fada ne.

Gidan Makama yana daura da gidan Sarki, ginin ƙasa mai kaurin bango, kana shiga zaure sanyi ya tarbe ka. Mai zagayawa da baƙi ya ce an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau sarauta a 1463 ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun zauna a Gidan Makaman, daga baya wani sashe ya zama makaranta, wani gidan tarihi. Kawu bai ji ko ɗaya ba. Tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa da ɗakin amarya da jerensa duk ya wuce su ko waiwaye babu.

Muna isa hotunan sarakuna ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya dunƙule hannu. "Ranka shi daɗe!" Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ina biye ina karantawa: Abbas, Usman, Abdullahi Bayero, Sanusi, Inuwa, har Ado Bayero da ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014. 'Yan makarantar da suka zo yawon buɗe ido suka bar sarakuna suka koma kallonmu. Da aka zo labarin Sarki Alu, yadda Kano ta faɗi yana Sakkwato, rundunarsa ta gwabza da Turawa a Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya kwanta dama, Alu kuma aka kai shi Lokoja, sai Kawu ya dangwari kafaɗata. "Ka jiya? Ƙasarmu ta!" Shi a wurinsa an gama shari'a.

Can ya tsaya cak gaban wani tsohon hoto: sarki bisa doki, gefe wani siririn mutum riƙe da linzami, rabin fuskarsa ya dushe. "Wanga shi na Baba! Dubi kunnen!"

"Malam, sassauta," in ji wani dattijo daga bayanmu. "Wannan mahaifina ne. Daga Haɗeja na zo gaishe shi. Dubi hancin."

Kawu ya tuɓe hula ya gabatar da kunnensa, dattijo ya miƙo hanci. Aka ce in karanta rubutun ƙasa in raba gardama. Sunan sarki ne kawai a wurin. Haka masu ɗaukar hoton lokacin suka yi: sarki da Razdan suna da suna, amma dogari da mai laima da mai riƙe doki babu wanda ya tambaye su ko su wane ne. Wanda ba a rubuta sunansa ba kuwa, kakan kowa ne.

Mai zagayawa ya matso cikin ladabi ya ce, "Baba, ai wannan Sarki Abbas ne, ya rasu tun 1919." A lissafin kowannensu, a shekarar ba a ma haifi ubansa ba. Dattawan suka dubi juna, suka dube shi, suka haɗa baki: "Yaro, kana wurin?"

Kafin la'asar sun warware matsalar da kansu: kunne na Tsibiri, hanci na Haɗeja, ashe uba ɗaya ne, ya yi aure biyu bai faɗa ba. Aka rungumi juna, aka tafi cin gurasa da tsire, aka ce ƙaramin ciki ya biya. Jiya sabon kawun nawa ya bugo waya, yana tambayar yaushe za a raba gonar albasa.