Ire-iren Mutanen Kirsimeti a Arewa

Kirsimeti biki ne da Kiristoci ke yi ranar 25 ga Disamba domin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu a Baitalami. A Najeriya ranar da washegarinta hutu ne na gwamnati, kuma a Arewa bikin yakan faɗo tsakiyar hunturu, bayan an gama girbi, rumbu ya cika, leɓe ya tsage. Labarin da ake karantawa daga Bisharar Luka gajere ne: Yusufu da Maryamu sun je ƙidaya, ba su sami masauki ba, aka haifi yaron aka kwantar da shi a komin dabbobi, makiyaya ne suka fara jin labari. Fastoci a Jos da Kafanchan da Wusasa darasi ɗaya suke fitarwa daga ciki kowace shekara, wato tawali'u da kyauta da salama. Masu sauraro kuwa kowa da abin da yake ɗauka, kuma ta nan ake rarrabe su.

Wanda aka fi saurin ganewa shi ne baƙon shekara-shekara. Sunansa yana cikin rajistar majami'a, amma rabonsa da ita tun Kirsimetin bara. Yakan iso a makare cikin sabon yadi, ya wuce har bencin gaba inda dattawa ke zama, ya buɗe Littafi Mai Tsarki wanda takardar shelar bara take ciki har yanzu. Lokacin baiko shi ne ya fi kowa daɗewa a rawa kafin ya kai ga kwando. Idan fasto ya ce sababbin zuwa su miƙe a marabce su, sai ya sunkuyar da kai.

Kusa da shi a hali akwai ɗan birni. Daga Legas ko Abuja yake zuwa, galibi cikin motar da bai san inda ake buɗe tankinta ba. Makullin ba ya shiga aljihu, a yatsa yake kwana. Yana gaida kakarsa da Turanci, yana tambayar ko ruwan rijiyar an dafa shi, alhali da shi aka yaye shi. Ranar farko sababbin kuɗi yake rabawa. Zuwa 28 ga wata ya fara ɓoyewa a ɗaki idan ya ji sallamar dangi, kuma ba a rasa wanda sai uwarsa ta sayar da akuya kafin ya sami kuɗin man komawa. Akwai kishiyarsa a Sabon Garin Kano: ɗan kasuwar da ke rufe shago ya hau doguwar mota zuwa Gabas, ya bar masu neman kayan gyaran mota suna lissafin ranar dawowarsa.

Tela ba sai ya zama Kirista ba kafin ya shiga wannan jeri, domin halinsa ɗaya ne a Kirsimeti da a Sallah. Ya karɓi atamfa tun Nuwamba, ya ce kwana uku. Jajibirin biki za a same shi da tarin ɗinki da bai ko yanka ba, yana ɗora laifi a kan rashin wuta.

Uwar Zumunta ita ce ta fi cancanta a daɗe a kanta, domin ba don ita ba, da bikin bai tsaya ba. Zumuntar Mata ƙungiya ce da ake samu a majami'u irin su ECWA da COCIN da HEKAN, kuma waƙoƙinta na Hausa da kiɗan tulu da caki su ne sautin Kirsimeti a yawancin ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna. Uwar Zumunta ta fara shiri tun watan Janairu da zubin adashi, wanda ake kwasa a Disamba a sayi buhun shinkafa ko a haɗa a yanka sa a yi watanda. Daren biki ba ta runtsawa: ga cincin, ga suyar kaza, ga tumatir da farashinsa ya tashi. Da safe ta ɗaura anko, ta yi waƙa da rawa awa uku, ta dawo ta ɗora tukunya. Ita ce ke riƙe a ka da lissafin gidajen da za a kai wa abinci, har da gidan da aka yi faɗa da su kan magudanar ruwa. Sau da yawa sai dare take tuna ba ta ci komai ba, kuma abin da ya rage mata wuyan kaza ne da ƙanzo.

A ƙarshen tafiyar kwanon nata akwai maƙwabci Musulmi, shi ma iri biyu ne. Na farko shi ake kira da sassafe ya yanka kajin, dabara ce tsohuwa a unguwannin da aka gauraya don kowa ya ci hankali kwance, kuma ya san bashi ne da zai biya da naman layya. Na biyu yakan yi doguwar magana a majalisa kan hukuncin cin abincin Kirsimeti, sannan ya shiga gida ya tambayi yara ko kwanon gidan Maman Ladi ya iso.

Mai gardama kuma aikinsa ɓata wa mutane cin shinkafa. Yana jira sai an kai loma baki ya sanar cewa Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar ba, cewa shaidar farko ta bikin 25 ga Disamba daga birnin Rum take a shekara ta 336, cewa Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha sai 7 ga Janairu suke nasu. Ya ƙara da cewa Matiyu bai ce masanan da suka zo daga gabas su uku ne ba, kyautar ce uku: zinariya da lubban da mur. Duk gaskiya ya faɗa. Sai dai ba a taɓa ganin wannan ilimi ya hana shi neman ƙari ba.

Yara rukuni ne mai zaman kansa. Da sababbin kaya da aka saya da girma don su kai baɗi, da tabarau na roba, suke bin gida-gida suna barka da Kirsimeti, suna ƙirga abin da suka samu a bayan katanga. Iyaye mata kan karɓi kuɗin da sunan ajiya, ajiyar da ba a taɓa jin an mayar ba.

Na ƙarshe a jerin ba ya bayyana sai bayan an tashi. Shi ne magidancin da ya karɓi albashin Disamba da wuri ya yi murna, ya manta cewa na gaba sai ƙarshen Janairu. A mako na biyu na sabuwar shekara makarantu sun koma, mai gida yana neman kuɗin haya, mai kaji yana aiko yaro. Ana gane shi da yawan tafiya a ƙasa da rantsuwar cewa baɗi kaza ɗaya za a yanka.