Ire-iren Masu Kyanwa a Kudancin Kano

Ajiye kyanwa tsohuwar al'ada ce, kuma ɓera ne ya haddasa ta. A ƙasar Sin, zamanin daular Song, mai son ɗan kyanwa yakan kai wa masu shi gishiri ko kifi, tamkar sadaki. Mawaƙi Lu You, wanda ya rasu a 1210, ya ɗauko tasa don ta tsare masa littattafai, sai ya ɓige da rubuta mata waƙoƙi. A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ba a biyan wannan sadaki, amma masu kyanwar sun kasu kashi-kashi.

Mafi yawa shi ne mai rumbu. Manomin masara ne a Doguwa ko na shinkafa a Tudun Wada, kuma a wurinsa kyanwa 'yar ƙwadago ce. Ba ya ba ta abinci, wai ƙoshi na kashe zuciyar farauta. Ita kuwa takan biya kanta da 'yan tsakin uwargida, tunda sun fi ɓera sauƙin kamu.

Sai malami mai littattafai, wanda ya fi kusa da Lu You. Shi ma ɓera ya kai shi, amma cikin wata uku magen ta gaje buzunsa, ya koma kan tabarma. Almajirin da ya ce mata "cas" zai sha tarihin Abu Huraira da hadisin matar da ta shiga wuta saboda tsare kyanwa. Ɓerayen suna nan lafiya lau, domin tasa kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi.

Akwai tsohuwa da ke raba nono da tata, tana kuma kai mata ƙarar surukai. Babu sirrin gida da wannan mage ba ta sani ba.

Mai suyar kifi a Tiga bai taɓa ajiye kyanwa ba, amma shi ke ciyar da muzuran unguwa, ba da saninsa ba.

Mai camfi ba ya kwana gida ɗaya da baƙar mage, don a ganinsa ba kowace mage ce mage ba. Da dare in ta yi kuka sai ya kama addu'a, da safe ya aika yaro ya aro ta saboda gafiya.

Na ƙarshe shi ne mai musu. Kyanwar ta shekara bakwai a zaurensa, ta haihu sau goma a bayan buhunansa, amma ranar da ta cinye naman maƙwabci zai rantse bai san daga inda take zuwa ba.