Sifirin Ai Sifirin Ne

Shinkafar rani ta yi kyau bana a Kura, albarkacin ruwan Tiga. Tun da aka kammala dam ɗin nan a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, manomi daga Kadawa har Bunkure in ya ji kuɗin shanshera a aljihu sai ya nemo abin da zai cinye su. Wasu aure suke ƙarawa. Ni gareji na gina, don babur da injin ban-ruwa da 'yan buhuna, na kuma rantse ƙofarsa sai irin ta shagunan birni, mai naɗewa sama.

Na samo ta hannu a Ƙofar Ruwa, ƙarfe mai kauri, amma ba sifirin. Mai waldan unguwarmu ya ce, "Alhaji, da nauyin ƙofa ake sayen sifirin. Yana cikin bututun sama, in ka ja ƙofa ƙasa ya murɗe ya tara ƙarfi, in za ka ɗaga ya warware ya taya ka. A fara ɗora ta a sikeli."

Yaron da aka yi sunansa a gabana! Na koma birni, wani mai shago ya miƙo mini siriri mai araha, ya ce, "Sifirin ai sifirin ne, ranka ya daɗe."

Ranar da aka sako mana ruwa a kanal, da asuba na je ɗauko inji. Na kama ƙofa, na ce bismilla, bayana ya ce ƙas, ita ko ta ɗaga da ƙyar kamu ɗaya. Maƙwabta suka taru muka cicciɓa, na tokare ta da taɓaryar uwargida, na shiga da jan ciki. Taɓarya ta karye. Ga ni a ciki, a duhu, da inji, ruwa kuwa yana wucewa gonakin mutane. Ta waje ina jin uwargida tana cewa, "Malam, taɓaryar ta gado ce fa!" Lafiyata ba ta tambaya ba.

Sai na sayo mafi kauri a kasuwar, na ƙofar sito. Mai walda ya ɗaura yana cewa, "Ni dai ba ruwana."

Ranar Juma'a na sha babbar riga mai sitaci, na sunkuya na cire kwaɗo. Fiu! Ƙofa ta yi sama, mariƙinta ya sargafo bakin rigar ya naɗe ta har kaina. Na tsaya a kan 'yan yatsu, hannuwa sama, daga ni sai singileti da wando, masu tafiya masallaci suna yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo har da tambayar ya gona. Daga nan ƙofa ta ƙi sauka, awakin unguwa suka yi walima da shanshera.

A ƙarshe sikelin masu sayen shinkafa aka aro aka auna ta. Mai walda ya sa wanda ya dace, ya ɗaga ƙofar zuwa rabi ya saki, ta tsaya cak. Ya ce shi ke nan gwajin.

Yanzu ina da sifirin biyu na sayarwa. Mai bukata ya same ni a Kura, in da hali ya taho da taɓarya, a yi musaya.