Jirgina da amawalin Alhaji

Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Arlit, kuma tun da aka rufe mahaƙar COMINAK ta Akokan a 2021 bukukuwanmu suka rame. Sai na ce bari in sayi ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai kyamara, ko attajirai sa waiwaye ni. A kasuwar Farm Centre ta Kano aka ajiye mini biyu na DJI: Mavic 3 mai nauyin giram 895, da ƙanensa Mini mai giram 249. Mai shago ya yi mini adalci. Ya ce ƙaramin ba ya jure iskar da ta wuce kilomita 38 a awa, kuma in zafi ya haura 40 a bar shi ya huta. Ni kuwa kunnena na wajen 4K, idona na wajen farashi. Na ɗauki ƙaramin.

Aikin farko ya kai ni Asamaka, wajen kilomita 200 daga Arlit. Wani Alhaji ne Ba'abzine, motocinsa sun shigo daga Tamanrasat ta In Gezam da dabino da taliya da madara, yana so a ɗauko su daga sama. Muka yi nesa da shingen sojoji da 'yan duwan, don bakin iyakar Aljeriya ba wurin wasa da abu mai tashi ba ne. Na share ƙasa kusa da inuwar wata mota, na tada jirgi, yaran mota suka yi tafi.

Asamaka fili ne fetal, ba dutse ba bishiyar kirki da za ta tare iska. Jirgina na kaiwa sama iska ta sure shi kamar ledar da guguwa ta samu. Ina tura shi gabas yana tafiya yamma. Wayata ta yi ja da gargaɗi, batir na zuba.

A nan wani Baba mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo ya tsaya a kafaɗata.

"Ɗana, ba ka ɗaura masa igiya ba?"

"Ba a ɗaura masa, Baba."

"To shi ya sa. Yi masa fito."

Na ce ba ya ji. Ya ce na Amurkawa da ya sha gani a Agadas, kafin su kwashe kayansu a 2024, ba su da taurin kai irin wannan, amma su ana ba su abinci sosai. Ya aiki yaro ya kawo gero cikin gwangwani. "Watsa masa. Duk abin da ke da fiffike ya san gero."

Jirgin yana da wata dabara: in batir ya yi ƙasa, da kansa yake komawa daidai inda ya tashi. Iska ta ɗan lafa, ya juyo. Na yi hamdala, na waiwaya wurin da na share. Ashe da yake wurin ya yi kyau, an shimfiɗa wa Alhaji darduma a kai. Yana zaune daram, surukinsa dattijo na gefensa, faranti cike da dabino a tsakaninsu.

Duk wanda ya zauna da Abzinawa ya san babban mutum ba ya buɗe bakinsa a gaban jama'a, balle gaban suruki. Ko shayi zai sha, ta ƙarƙashin amawali yake shigar da kofin. Shekara da shekaru yaran motarsa ba su san kamannin haɓarsa ba.

Na danna duk abin da ke dannuwa. Jirgi ya sauko a hankali, cikin ladabi, iska ta ɗan karkata shi, fanka ɗaya ta kama bakin amawali ta naɗe, ta ja ƙasa. Alhaji ya bayyana. Dabino a kunci, baki a buɗe, ga wani wawulo a gaba wanda ƙwallon dabino zai wuce ba tare da ya taɓa komai ba. Surukin ya ɗaga kai yana nazarin sama. Yaran mota suka bi bayan tayoyi, kafaɗunsu na rawa. Jirgina yana lilo a ƙirjin Alhaji yana ƙugi, kyamara na kallon sama, tana aikinta.

Kuma kyamarar, wallahi, ba ta da laifi. Na sake kallon bidiyon a hanyar komawa, na sake a gida. Ana ganin gashin hanci ɗaya bayan ɗaya. Ana ganin lokacin da idon Alhaji ya bar jirgin ya fara nemana. Motocin dabino kuwa sun fito na daƙiƙa kaɗan, a karkace, can nesa.

Alhaji bai ce uffan ba. Ya warware jirgin, ya miƙa wa yaro da yatsa biyu, ya mai da amawali har ƙasan ido. Na durƙusa ina "Allah ya huci zuciyar Alhaji", bai dubi inda nake ba. Maganar kuɗin aiki ban ma tada ta ba.

Ina kaɗe rairayi daga wuyan kyamara sai ga Baba mai shayi da gwangwaninsa.

"Ɗana, da ka watsa geron can gefe, da can ya sauka."