Sarkin Aljanu Mai Mura

A teburan masu shayi na Bauchi Road a Jos, yanzu ta waya ake sauraron littattafan yaƙin Abdulaziz Sani Madakin Gini, kuma kowa alƙali ne. Wani ya ce ƙaryar ta yi yawa: yaya jarumi guda zai karkashe runduna bai ko nemi ruwan sha ba? Wani dattijo ya ce Gandoki na Bello Kagara tun 1934 yake wannan aika-aika, ba wanda ya kai shi ƙara.

Mai karatun ne ya fi shan suka. Sarkin aljanunsa kullum da mura yake magana, gimbiya kuwa muryar kwandasta gare ta, ga tallar maganin basir ana tsakiyar sara da suka. Ni dai a bar wa marubuci rundunarsa, a saya wa mai karatu citta.